Awa goma a jirgin ƙasa zuwa gidan Bodo/Glimt

Tun da sassafe jirgin ƙasa ya ɗaga daga Trondheim a ƙasar Norwe, ya miƙa arewa. Kilomita 729 ne zuwa Bodo, tafiyar kusan awa 10. Ba abin da ya fito da ni sai ƙwallo. Tun daren da ƙungiyar garin, Bodo/Glimt, ta zura wa Roma ta Mourinho ƙwallo 6 da 1 a shekarar 2021 nake son in ga garin da idona.

Wani dattijo ne ke zaune a kujerar da ke fuskantar tawa, ya naɗa mayafi ruwan ɗorawa a wuya, ya tsufa har zarensa ya fara zazzagowa. Da ya ji daga Najeriya nake, sai fuskarsa ta washe, ya ambaci Victor Boniface, wanda ya buga musu daga 2019 zuwa 2022. Daga nan hira ta ɓarke. Ina kiransa Baba, yana zuba mini kofi daga fulas ɗinsa.

An kafa ƙungiyar a 1916, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka daɗe ana rufe wa 'yan arewacin Norwe ƙofa. Sai a 1963 aka yarda su shiga gasar kofin ƙasa, hanyar hawa babban rukuni kuwa ba ta buɗe musu ba sai 1972. Hujjar mutanen kudu ita ce nisa, da kuma ganin cewa ba su kai ba. Baba ya ce a wancan zamani har masu ba da hayar ɗaki a Oslo kan rubuta cewa ban da 'yan arewa. Ni da na tashi ina amsa sunan ɗan arewa, wannan magana ta taɓa ni ƙwarai. Da Glimt ta ci kofin ƙasa a 1975, da ɗan wasanta Harald Berg a cikinta, Baba ya ce ranar ce mahaifinsa ya daina kunyar harshensa.

Muna hawa tsaunin Saltfjellet, bishiyoyi suka ƙare, sai duwatsu da ragowar ƙanƙara, alhali watan Yuni muke ciki. A nan ya shiga ba ni labarin shekarun wuya. Sun faɗo daga babban rukuni a 1980, suka gangara har rukuni na uku. Sun dawo sun sake cin kofi a 1993, sannan aka koma gidan jiya. A 2010 saura ƙiris ƙungiyar ta durƙushe saboda rashin kuɗi. Magoya baya suka riƙa bi gida-gida suna tattara kwalaben da aka shanye don a karɓi kuɗinsu, masunta suka ba da kifi a sayar. Yana faɗa muryarsa na rawa. A 2016 ma sun sake faɗuwa.

Shekara huɗu bayan haka, ƙarƙashin koci Kjetil Knutsen, suka lashe gasar ƙasa da ƙwallo 103, karon farko ga wata ƙungiyar arewa. Suka maimaita a 2021 da 2023 da 2024.

Washegari na tafi filin wasansu, Aspmyra. Ƙarami ne, bai wuce ya ɗauki mutum dubu 8 da 'yan kai ba, ciyawarsa ta roba, iskar teku na kaɗawa har cikin ƙashi. Can na hango katafaren buroshin goge baki ruwan ɗorawa ana ɗaga shi sama, al'adar da magoya bayansu suka riƙe tun shekarun 1970. Da aka kira sunan Patrick Berg, jikan Harald, sai filin ya ɗauki sowa. Na duba ko zan ga Baba, amma kowa mayafi iri ɗaya ya naɗa.

Ƙarfe 11 na dare na koma masauki, rana na nan tsaye a kan teku. Na ja labule, na duba agogo, na tayar da sallar Isha'i.