Ranar baje kolin ayyuka a makaranta: abin da ake yi kafinta da bayanta

A yawancin jami'o'i da kwalejoji akwai makon da za a liƙa sanarwa a allo, a kuma watsa ta a rukunonin WhatsApp na sassa, cewa kamfanoni da hukumomi za su zo su kafa tebura su gana da ɗalibai. Ranar na zuwa sai ka ga 'yan ajin ƙarshe sun sha guga, kowa riƙe da kwafin CV ashirin ko talatin, suna bin tebur bayan tebur suna ajiyewa kamar masu raba katin gayyata. Mako shida ya wuce shiru, sai a fara cewa ai dama sai wanda ya san wani.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta fuskar da ake nufi ba. Wanda aka zaunar a tebur ba kasafai yake da ikon ɗaukar kowa a ranar ba. Manyan kamfanoni ma cewa za su yi ka je shafinsu na intanet ka cike fom, tarin takardun da aka karɓa kuwa sau da yawa a kwali suke ƙarewa. Abin da ranar ke bayarwa shi ne bayani da kuma sanayya, wato ka ji daga bakin mai yin aikin yadda aikin yake, ka kuma fita da sunan mutum guda da zai iya tuna fuskarka.

Wannan ƙaramar sanayya ta fi yadda ake zato nauyi. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya wallafa wata maƙala da ta yi fice, wadda ta dogara da binciken da ya yi kan ma'aikata a garin Newton da ke kusa da Boston a Amurka. Ya gano cewa cikin waɗanda suka sami aiki ta hanyar wani mutum, mafi yawa ba aminansu ne suka kai musu labarin ba, mutanen da suke gani jifa-jifa ne. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, inda kake shiga nan yake shiga, amma wanda kuka haɗu sau biyu kacal yana zaune cikin wasu mutane daban da labarinsu ba ya iso maka. A 2022 mujallar Science ta buga wani gwaji da aka yi a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, kan mutane sama da miliyan 20 cikin shekara biyar, sakamakon ya goyi bayan Granovetter, sai dai ya nuna cewa alaƙa mai matsakaicin rauni ta fi wadda ta yi rauni ƙwarai amfani. Mutumin da ka yi hirar minti biyar da shi a tebur, ka kuma aika masa saƙo washegari, ya fara shiga wannan sahu.

Shiri yana farawa aƙalla mako guda kafin ranar, kuma ba daga CV yake farawa ba. Daga tambayar me kake nema yake farawa. Ɗalibin da ya ce "kowane irin aiki ina so" yana ganin ya nuna tawali'u ne, alhali wanda ke sauraronsa ji yake bai yi tunani ba. In har kanka ya ɗaure, akwai tsarin da masanin halayyar ɗan Adam John Holland ya fara gabatarwa a 1959, inda ya kasa sha'awar aiki gida shida: masu son aikin hannu da injuna, masu son bincike da warware matsala, masu son ƙirƙira da fasaha, masu son koyarwa da taimakon jama'a, masu son jagoranci da kasuwanci, da masu son tsari da lissafi da adana bayanai. Ma'aikatar ƙwadago ta Amurka tana da gwaji na kyauta a shafin O*NET da aka gina kan wannan tsari, ba ya cin rabin sa'a. Sai dai kada a ɗora masa kayan da ba nasa ba. Abin da kake sha'awa yake nuna maka, ba ya auna iyawarka, ba ya kuma faɗa maka ko ana ɗaukar mutane a wannan fanni a inda kake.

Hanyar da ta fi wannan kaifi, a ganina, ita ce ka tattara tallan guraben aiki guda goma na irin aikin da kake hari, ka karanta sashen abubuwan da ake buƙata, ka rubuta duk wata ƙwarewa da ta fito sau uku ko fiye. In kana karatun akanta ka ga Excel ya fito a takwas cikin goma, ka san abin da za ka yi da hutun da ke tafe. Daga nan sai ka je ofishin da ke shirya taron ka nemi jerin waɗanda za su zo, ka zaɓi biyar ko shida kawai, ka karanta abin da kowanne ke yi da irin guraben da yake tallatawa.

CV na wanda bai gama karatu ba shafi ɗaya ya ishe shi. Inda ake yawan faɗuwa shi ne kwalliya. Kamfanoni da dama suna amfani da manhajar tantance masu neman aiki, wadda ake kira ATS, ita ce ke fara zare rubutun CV ta zuba shi cikin rumbun bayanai kafin mutum ya duba. Wasu daga cikin waɗannan manhajoji suna rikicewa in suka gamu da shafin da aka raba gida biyu, ko rubutun da ke cikin akwati, ko lambar waya da aka saka can a saman shafi wajen iyakar rubutu. Wanda kuma ya ɗauki hoton takardarsa da waya ya mayar da ita PDF, hoto kawai ya aika, manhajar na iya kasa karanta ko kalma ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe fayil ɗin, kwafe duka rubutun, zuba shi a Notepad, ƙaramar manhajar rubutu zalla da ke cikin kwamfuta. In ya fito a jere yadda ka tsara, lafiya lau. In layuka sun cakuɗe ko babu abin da ya kwafu, sake shi. Sunan fayil ya zama sunanka, adireshin imel ma haka, ba laƙabin da abokai suka sa maka a sakandare ba.

Abin da ke cikin takardar kuma ya faɗi abin da ka yi da abin da ya haifar, ba muƙamin da ka riƙe kawai ba. "Sakataren ƙungiyar ɗalibai" bai gaya wa kowa komai ba. "Na shirya taron ƙara wa juna sani guda huɗu, na riƙe rajistar mambobi 120" ya nuna mutum mai iya tsari. Aikin binciken kammala karatu, koyar da ƙananan aji, riƙe littafin kuɗi na wani ƙaramin kasuwanci lokacin hutu, duk ƙwarewa ce in an rubuta ta da adadi na gaskiya. Na gaskiya, domin a intabiyu za a tone shi.

Ranar kanta, ka zo da wuri. Zuwa la'asar waɗanda ke tebur sun amsa tambaya ɗaya sau ɗari, murya ta dushe, wasu sun fara tattara kaya. Ka kuma je kai kaɗai. Ɗalibai huɗu da suka tsaya tare, ɗaya ne ke magana, sauran ukun ba wanda zai tuna su. Fara da teburin da bai dame ka sosai ba, harshenka ya warware a can, sannan ka nufi wanda kake so. Gabatar da kai bai kamata ya wuce daƙiƙa talatin ba: sunanka, abin da kake karanta da shekarar da za ka gama, abu ɗaya da ka taɓa yi da hannunka, sai tambaya.

Tambayar ita ce komai. "Me kamfaninku yake yi?" tana nuna ba ka duba ba. "Nawa kuke biya?" lokacinta bai yi ba. Waɗanda ke buɗe baki su ne irin waɗannan: sabon ma'aikaci a wannan sashe, me yake yi a wata ukunsa na farko? Wace ƙwarewa ce kuke ganin sababbin da suka gama karatu suna zuwa ba su da ita? A wane wata kuke buɗe neman ɗaliban koyon aiki, kuma matakai nawa ake bi? Wane ne ya dace in tuntuɓa a sashen kaza? Kafin ka bar wurin ka nemi katinsa ko adireshin imel, ka koma gefe nan take ka rubuta sunansa da abu ɗaya da ya faɗa. Bayan tebur biyar hirarrakin za su gauraye a kanka, ba za ka tuna wa ya ce me ba.

Cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai saƙo ya biyo baya. Layi huɗu ko biyar ya isa: ka tuna masa inda kuka haɗu, ka ambaci takamaiman abin da kuka tattauna, ka ce ka cike fom ɗin gurbi kaza in ka cike, ka haɗa da CV. Kada ka roƙi aiki, kada ka kawo labarin halin da kake ciki. In shiru ya yi tsawo, tuni ɗaya bayan kamar kwana goma ya wadatar. Na uku ya zama takura. Ka buɗe jadawali mai ɗauke da sunan kamfani, wanda ka gani, ranar da ka aika saƙo, da ranar rufe neman gurbin, domin gurabe da yawa suna kuɓucewa ne kawai saboda an manta ranar rufewa. Duk wanda kuma ya kira ka bayan taron ya ce ka tura kuɗin fom ko kuɗin horo kafin a ɗauke ka, ka koma ofishin da ya shirya taron ka tabbatar. 'Yan damfara sun san lokacin da ɗalibai ke zaman jiran kira.

'Yan aji ɗaya da aji biyu sukan ɗauka taron ba nasu ba ne, alhali su ya fi yi wa rana, tunda suna da sauran lokacin gyara abin da suka ji ana buƙata, kuma wuraren koyon aiki masu kyau sukan rufe karɓar takardu watanni kafin a fara. Haka nan ƙananan tarukan da ba a cika halarta ba, kamar laccar da wani tsohon ɗalibi zai zo ya yi a sashe, sun fi babban baje koli ba da damar magana, domin mutum talatin ne a ɗaki maimakon dubu a fili. Tsohon ɗalibi ya zauna a kujerar da kake zaune, ya san kwas ɗin da ya yi masa amfani a wurin aiki da wanda bai sake waiwaya ba tun ranar jarrabawa. In lacca ta ƙare aka fara watsewa, tsaya minti biyu ka tambaye shi wannan.