Bayan kwana 97 ina rubuta shafi guda da Turanci, aikatau ya fara zama daidai

'Yan uwa masu shirin IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci, jiya da daddare malamar da ke duba mini rubutu ta dawo mini da maƙalar gwaji, kuma a karon farko babu jan biro ko ɗaya a kan aikatau. Na daɗe ina juya takardar saboda farin ciki.

Abin da nake nema shi ne maki 6.5 a rubutu, wanda hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya ke buƙata tare da 7 a sauran sassa ukun. A zaman farko na tsaya a 6, alhali kuɗin rajistar ya zarce albashina na wata guda, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Daga nan na ware littafi, na ɗaura aniyar cika shafi guda kullum, ko da daga aikin dare na dawo.

Wata biyu na farko hannuna ya saki ƙwarai, har nakan cika shafin a minti goma sha biyar, amma kuskure guda ya ƙi barina. A Hausa muna cewa "farashin magani ya tashi", kuma wannan siga ɗaya ta wadatar, ko a 2020 ya tashi, ko kuwa tashin da muke fama da shi yanzu ake nufi. Turanci ya raba su biyu, ɗaya da "have", ɗaya babu, ni kuwa kunnena bai ji rabuwar ba. Da malamar ta nuna mini, sai na zarce gona da iri, na riƙa cusa "have" a ko'ina, har ina haɗa shi da jiya da bara. Mafi taurin kai ita ce jimlar da ke ɗauke da "tun". Muna cewa "ina aiki a nan tun 2019", don haka sau da dama na rubuta "I am working here since 2019" ba tare da na ji wani abu ya karkace ba, domin a kaina Hausar daidai take.

Daga baya na gane cewa littafin kansa yana ɓoye mini matsalar. Labarin yini kusan duka abin da ya wuce ne ya ƙare: na tashi, na karɓi aiki, na ba da magani. Irin wannan rubutu ba ya tilasta wa mutum zaɓe tsakanin sigogin biyu, alhali sashe na biyu na jarrabawar rubutun, mai kalma 250 a minti 40, wanda nauyinsa ya ninka na farko, yakan taɓo yadda abubuwa suka canza zuwa yau. Sai na raba shafin. Rabin sama labarin yini, rabin ƙasa ra'ayina a kan wani abu da na gani a ɗakin marasa lafiya, kamar dalilin da ya sa iyaye ke jinkirin kawo yaro mai zazzaɓi.

Dabarar da ta yi mini aiki ita ce gwada jimlar da Hausa kafin in rubuta. Idan zan iya ƙara mata "kawo yanzu" ma'anar ba ta lalace ba, to tana son "have". Idan kuwa akwai shekara ko rana da aka ambata wadda ta riga ta shige, kamar a jadawalin sashe na farko, siga mai sauƙi ce, wadda babu "have" a cikinta. Haka kuma ba na gyara shafi a ranar da na rubuta shi, sai ya kwana bakwai, domin a lokacin ne idona ke iya ganinsa kamar na wani.

Wannan gwaji yana cin lokaci, kuma maƙalar jiya ta ɗauke ni minti 52. "The" ma har yanzu tana ɓace mini a gaban sunayen hukumomi. Daga Asabar ɗin nan zan riƙa rubuta rabin ƙasan da agogo a gabana, kuma ba zan sake biyan kuɗin rajista ba sai na sauko minti 40 sau uku a jere.