Asabar a kasuwar kwamfuta: kayan sutudiyon mai koyon kiɗa

Kano, bayan sallar isha'i.

Wunin yau ya tafi ne wajen haɗa wa wani ƙanena kayan sutudiyo na farko. Ya zo da takarda, lasifika a saman jerin, kwamfuta can ƙasa. Na ce ya juya takardar, domin mai koyo daga kwamfuta yake farawa, lasifika kuwa sai ɗaki ya gyaru.

Laftof huɗu muka duba, duk na hannu. Abin da nake nema bai da yawa: Core i5 zubi na takwas ko sama da haka, RAM giga 16, da SSD aƙalla giga 512. Zubi na takwas ɗin ba don ado ba ne, daga nan ne Windows 11 take karɓar na'urorin Intel, ita kuma Windows 10 an daina yi mata gyara tun Oktoban 2025. Giga 8 tana ɗaukar kiɗa mai sauƙi, amma da an jera gangunan roba da fiyano da muryoyin amshi sai ta fara sarƙewa. Saboda haka a tambaya ko RAM ɗin tana da ramin ƙari, don akwai waɗanda aka liƙe ta da allo, ba ta ciruwa. Katin hoto na masu wasan gem ba ya ƙara wa sauti komai, zafi da ƙarar fanka kawai yake kawowa.

Kafin a biya kuɗi, gwaji biyu. A buɗe Command Prompt na Windows a rubuta powercfg /batteryreport, a kwatanta ƙarfin batir na asali da wanda ya rage. Sannan a saki LatencyMon, manhajar da ke gwada ko kwamfuta za ta riƙe sauti ba tsinkewa, na minti goma. Idan ta nuna ja, sautin zai riƙa tsinkewa komai ƙarfin kwamfutar, galibi saboda direban Wi-Fi. Laftof ta uku ce ta ci gwajin.

Sai saunkad, akwatin da ke haɗa makirfo da kwamfuta. Mai rami ɗaya na makirfo irin Scarlett Solo ya ishi mai ɗaukar murya kaɗai. Wanda zai ɗauki mawaƙi da mai gurmi lokaci guda, ya nemi mai rami biyu, Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD. A sa direban ASIO, wato manhajar da ke haɗa saunkad da Windows, na kamfanin da ya ƙera shi. Wajen ɗaukar murya a ajiye bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, a 128, wanda a 44.1kHz jinkirinsa bai kai miliseƙan 3 ba. Wajen haɗa sauti a ɗaga ta zuwa 512 ko 1024. Idan aka manta ta a sama, mawaƙi zai ji muryarsa tana biyo shi a baya, ya rasa kari. Idan ta yi ƙasa da yawa, sai ƙas-ƙas.

Makirfo ne muka fi daɗewa a kai. Kowa nau'in makirfon da ake kira kwandensa yake so, irin AT2020, don shi ake gani a hoto. Yana da kyau, amma kunnensa ya yi yawa: janareton maƙwabci, a-daidaita-sahu, zakara, duk zai kwaso. Yana kuma buƙatar wutar 48V daga saunkad, wadda ake kunnawa bayan an jona wayar makirfo ta XLR, a kashe ta kafin a zare. Ɗakin yaron yana bakin titi, don haka Shure SM58 muka ɗauka. Ba ya buƙatar 48V, yana jure faɗuwa da ƙurar hunturu, kuma ana rera masa ne dab da baki. Jabunsa ya yi yawa a duniya, a saya inda za a iya mayarwa. A ɗauki murya a 24-bit, ƙololuwarta ta tsaya wajen -12 a mitar ƙarfin sauti, kada jan fitila ya haska ko sau ɗaya. Muryar da ta fashe ba ta ɗinkuwa.

Hedifon rufaffe muka saya, ATH-M20x, don kada kiɗa ya zubo cikin makirfo. Kibod ba mu saya ba. Akwai Yamaha PSR a gidansu mai ramin USB TO HOST, wayar firinta ta isa ta mayar da ita MIDI, wato kibod mai kaɗa sautukan cikin kwamfuta.

Manhajar haɗa kiɗa: mai son FL Studio ya sani Fruity Edition ba ta ɗaukar murya, sai Producer zuwa sama. Reaper kuwa kwana 60 take bayarwa na gwaji, lasisinta dala 60. Fasassun manhajoji na kasuwa su ne ƙofar bairos.

Da yamma muka jona komai, sai ga wani gurnani siriri. Zare caja, ya ɓace. Mayar, ya dawo. Soket ɗin ba shi da wayar ƙasa. Kafin mai gyaran wuta ya zo, da batir za a riƙa ɗaukar murya, caja da saunkad kuma su yi nesa da juna.

Kiret ɗin ƙwai da yaron ya tara na ce a mayar wa mai shayi, ba ya hana amsa-kuwwa. Katifa a jingine bayan mai rera waƙa, bargo biyu masu kauri a bangon gefe, darduma a ƙasa. Gobe bayan azahar za mu tafa hannu a tsakiyar ɗakin mu ji abin da ya rage.