Alhamis: ni da fiyanon Yaya

Hazo ya kwana a Damagaram, da safe ko ƙarshen layinmu a Zango ba a hangowa. Na yaye tsohon zanen Inna da nake lulluɓe fiyanon da shi, amma ƙura ta riga ta sami hanya, sai da na bi maɓallai 61 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Na Yaya ne, Yamaha PSR-E373. Aro ya bar mini da zai koma Yamai, da sharaɗin kada yara su taɓa.

Sati uku ke nan ina bin darasin da ke cikinsa. Hawa uku ne. Na farko saurare kawai. Na biyu lokaci yake dubawa, ko wane maɓalli ka danna zai fitar da sautin da ya dace, in dai a kan kari ka danna. Na ukun shi ne ɗan gatana: kiɗan ya tsaya cak, yana jiranka har ka lalubo maɓallin da allon ke nunawa. Ba tsaki, ba harara. Ko za ka tashi ka sha ruwa, ka dawo ka tarar da shi inda ka bar shi. A nan na tare, har na fara jin kaina wani abu.

To yau sai na ce bari in gwada ba tare da jiran ba. Na kunna mitironom, wannan ƙas-ƙas ɗin da ke ƙidaya bugu, na sa shi a bugu 90 a minti, na danna maɓallin ɗaukar sauti. Da na sake kunnawa in ji, kunya ta kama ni. Sautukan daidai suke, amma tafiyar kamar ta jakin da aka labta wa kaya gefe guda. Duk inda hannun hagu zai sauya wuri sai in yi turus, ashe fiyanon ne yake rufa mini asiri. Inna daga madafa ta ce, “Kai, wannan abin naka tuntuɓe yake yi ne?” Lokacin ƙanwata da ƙawarta suna lugude a tsakar gida, taɓare biyu turmi ɗaya, ba wadda ta taɓa kuskure bugu. Su waye ya saya musu mitironom?

Na sauke shi zuwa 60, bugu ɗaya kowace daƙiƙa. Akwai maɓallin A-B: ka sa alama a farkon wurin da ke ba ka wuya, ka sa a ƙarshensa, sai ya yi ta maimaita wannan guntun kaɗai. Na kashe ɓangaren hagu na waƙar, fiyanon na buga dama, ni ina cike gurbin. Na daina ƙidaya a karo na talatin. Wani abin da ke ƙara ruɗa ni shi ne haruffa: a lakwal do, re, mi muka ji, shi kuwa C, D, E ya sani. Na rubuta fassarar a guntun takarda na jingina gaban allon.

Bayan azahar aka ɗauke wuta. Fiyanon yana aiki da batir shida, sai na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole in sayo, na manta yau ranar kasuwa ce. Cinkoso ya cinye mini la’asar.

Da magariba Kawu ya leƙo, ya tarar ina wasa da baƙaƙen maɓallai kaɗai. Biyar ne a kowane zagaye, wato daga do zuwa do na gaba, kuma duk yadda ka bi su sai ka ji kamar karin gida. Ya gyaɗa kai, ya kama tafi a hankali, ya ce, “Ɗana, bi hannuna, kada ka kalli naka.” Na bi, na faɗi sau biyu, bai jira ni ba.

Bayan isha na sa abin kunne don kada in dami maƙwabta. Guntun nan ya wuce sau uku a jere ba tuntuɓe, a 66. Na rubuta lambar a bayan takardar do, re, mi, na mayar da zanen Inna.