Ɗinkin hoton dabbobi da guntayen atamfa a Maraɗi

Shagona na ɗinki ne, amma ba ma ɗinka riga ko zane. Mutum zai turo mana hoton dokinsa, ko ragonsa, ko kyanwar 'yarsa, mu fitar masa da dabbar da guntayen atamfa da shadda, mu ɗinke ta a kan shimfiɗa mai hawa uku, ya je ya rataya a bango ko ya baza a kan gado. Shagon yana unguwar Zariya nan Maraɗi. Ina da 'yan mata masu koyo, da yaro guda da ke mana aike da haɗa katakon rataya.

A Amurka, inda wannan sana'a ta yi ƙarfi, karnuka da kyanwoyi ne suka cika ta. Mu nan doki ne kan gaba, musamman bayan hawan sallah, lokacin da kowane mahayi yake da hoton kansa cikin kwalliya. Sai rago. Mutum ya yi watanni yana turke balami a gida, yana ba shi dusa da harawa, yara sun raɗa masa suna, ranar layya a yanka shi, a banƙare a jikin itace a kewaye wuta. Abin da ya rage sai hoto a waya. Shi ya sa makonnin da ke bin babbar sallah sun fi kowane lokaci cika mana hannu. Kare kam sai jefi-jefi, daga mafarauci ko wani baƙo mai aiki da ƙungiyoyin agaji, kuma baƙin sun ragu sosai.

Rabin aikin a hoto yake, tun kafin a taɓa almakashi. Yawancin abin da ake turo mini an ɗauka ne da tsakar rana, haske ya wanke bayan dabbar fes, ƙarƙashinta kuma baƙi ƙirin. Ko kuma da dare a cikin garka, idanu suna walƙiya. Ga shi hoton ya bi ta waya uku ko huɗu a WhatsApp, duk ya dushe. Irin wannan ba na karɓa. Nakan ce, "Alhaji, a yi haƙuri a sake ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, rana ta zo ta gefe, mai ɗauka ya durƙusa daidai idon dokin." Wani ya ce, "Haba Hajiya, ai dokin ne dai." Dokin ne, amma ni ban taɓa ganinsa ba, abin da hasken ya nuna mini shi kaɗai zan iya yankawa. Idan dabbar ta riga ta mutu, to babu yadda za a yi, sai in nemi duk hotunan da suke da su, in ɗauki tsayuwa daga wannan, in ɗauki fuska daga wancan.

Idan hoto ya yi, sai a kai shagon kwamfuta a cire masa launi gaba ɗaya, a mayar da shi fari da baƙi, a faɗaɗa shi a kan takardu da yawa, mu haɗa su da salatif har ya kai girman aikin. Wanda aka fi nema santimita 60 ne a 80. Daga nan in ɗora farar takarda mai shara-shara, in bi iyakokin haske da inuwa da fensir, in ba kowane yanki lamba: 1 wurin da ya fi haske, 7 wurin da ya fi duhu. Ƙasa da hawa biyar fuska takan fito a shafe, fiye da bakwai kuma guntayen sun yi ƙanƙanta har allura ta riƙa cinye su.

A nan ne masu koyo suke daɗewa. Yarinya za ta zo ta iya keke, ɗinkinta a miƙe, amma idonta launi yake gani. Ka ce ta kawo ƙyallen wuyan akawal, sai ta kwaso baƙaƙe zalla, tunda dokin baƙi ne. Alhali baƙin doki a rana akwai shuɗi a kafaɗarsa, akwai ruwan toka a kan hanci, akwai ja-ja a gefen ciki. Idan aka yi shi da baƙi kaɗai, inuwar doki za a samu, ba doki ba. Haka kili, wato farin doki: fararen ƙyallaye ba su wuce kaɗan ba a jikinsa, sauran duk ruwan ƙasa ne da shuɗi mai haske. Saboda haka buhunanmu ba a jere suke ja da kore da rawaya ba, a jere suke daga 1 zuwa 7. Idan muka yi gardama a kan wani guntu, sai mu shimfiɗa shi kusa da 'yan uwansa, mu ɗauke shi hoto da waya cikin fari da baƙi. Nan take zai nuna buhunsa. Sau da yawa jan da ido ya rantse mai haske ne sai ya faɗa lamba 5.

Dabbar da ta fi ba ni aiki ita ce tamu ta gida, jar akuyar Maraɗi. Rago uda sauƙi gare shi, gaba duhu, baya fari, kowa ya hango ya san shi. Doki hurde ma tabbare-tabbaren jikinsa suna taimako, don akwai atamfofi masu ɗige-ɗige da suke zama daidai. Ita kuwa jar akuya launi guda ce daga kunne har wutsiya, gashinta gajere, mai sheƙi. Wannan laushin jiki ne ya sa fatarta ta yi suna tun zamanin fatake, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko don ta can take isa gare su. Mu kuma shi ne wahalarmu: dole a samo ja kala-kala har hawa bakwai, daga mai kama da manja zuwa wanda ya kusa baƙi, kuma kada ɗaya ya yi tsalle ya bar ɗan uwansa. Mata masu kiwo ne suka fi kawo ta, kuma ba a yi musu wayo. Da sun duba za su ce wannan jan na akuyar wani gari ne.

Ƙyalle ba na sayen turmi sai don bayan aiki. Guntaye nake bi wurin telolin babbar kasuwa, musamman cikin azumi da gab da layya, lokacin da ƙarƙashin kowane keke ya cika. Da can kyauta suke ba ni, yanzu sun gane, sai da 'yan kuɗi. Komai sai an jiƙa an wanke shi tukuna, don kwalliyar sitaci ta fita, wanda zai zuba kuma ya zuba tun a baho. Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: atamfa mai tsada irin holan ciki da baya duk ɗaya ne, amma mai araha bayanta ya fi gabanta haske. Wato guntu guda, lamba biyu. Don haka a shagona mai arahar ta fi daraja. Shadda kuwa ina taka-tsantsan da ita, saboda sheƙinta yana canzawa da inda mutum ya tsaya. Nakan ajiye ta don ƙahon rago, da linzami, da ɗigon hasken da ke cikin ido.

Kowane guntu ana manna masa ƙyallen nan mai danƙo da teloli suke sa wa a wuyan riga, a yanka, a jera daga nesa zuwa kusa: abin da ke bayan dabbar tukuna, sai jiki, sai kai. A bi da dutsen guga na gawayi, da tsumma a tsakani. Sannan a haɗa hawa uku, fuskar aikin, da siririn bargo na gwanjo a tsakiya, da yadi mai kauri a baya. Wani dattijo daga fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ya zo karɓar aikin ɗansa ya juya shi, ya matsa da yatsa, ya ce, "'Yata, ai wannan lifidi ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan uwansa ne." Gaskiya ya faɗa, don rigar dawakin yaƙi ma haka ake yin ta, ƙyalle biyu da auduga a tsakani, a bi da ɗinki. Sai dai audugar rimi ba ta yi mana. Idan aiki ya daɗe a rataye takan gangaro ta dunƙule a ƙasa.

Ɗinkin ƙarshe shi ke fitar da gashi. Zare yana bin inda gashin dabbar ya kwanta, a kewaye ido, a gangara kan hanci, a karkace a ƙirji. Da keken ƙafa nake yi, Butterfly. A 2023, da aka rufe iyaka bayan juyin mulki kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, masu keken lantarki sun zauna, mu ba mu tsaya ba. Abin da ya taɓa mu zare ne da yadin baya, waɗanda suke zuwa daga Kantin Kwari a Kano ta Jibiya da Ɗan Isa. Har zuwa Maris na 2024 da aka buɗe, da abin da ke hannu muka yi ta lallaɓawa.

Akwai maganar da ba ta ɓuya a garin nan: mutane da yawa ba sa rataya hoton abu mai rai a ɗaki, kuma hujjarsu ta addini ce. Ba na ja da kowa. Irin waɗannan nakan yi musu sirdi da jalala da kayan doki ba dokin, ko dagi, ko zanen bangon gidajen da, ko shimfiɗar gado ta murabba'ai zalla. Wasu cikin 'yan matana ma wannan ɓangaren kaɗai iyayensu suka yarda su yi, kuma suna yinsa da kyau.

Kafin in ɗinke aiki nakan tura wa mai shi hotonsa yana manne, don a nan ne gyara yake da sauƙi. Ba ruwansu da yawan guntaye. Abu guda suke nema: tsagar kunnen hagu, farin da ke goshi ya karkata dama, ƙahon da ya ɗan karye a baki. Shi ya sa tun ranar farko nake tambaya, "Da me kake gane shi cikin garke?" in rubuta a bayan takardar.

Rabin kuɗi nake karɓa kafin alƙalami, don hoton ragon wani ba ya sayuwa ga wani. Ranar ɗauka nakan gaya wa kowa abu uku: kada a rataya inda rana take bugawa, a bar 'yar tazara tsakaninsa da bangon ƙasa saboda gara, lokacin hunturu kuma a kakkaɓe shi da busasshen tsumma, kada a kai wa mai wanki.