Tsakanin aikin lakwal da hanyar Jado

A makon jiya wani mutum da ban taɓa gani ba ya tare ni a tashar mota ta Tawa, ya kira ni da sunan da ƴan gidanmu kaɗai suka sani. Ya ce yayana, wanda ya tafi neman zinariya Jado, can arewa maso gabashin Nijar, a 2014, shekarar da labarinta ya ɓulla, kuma muka daina jin ɗuriyarsa, yana nan da rai, yana nemana. Bai kawo wasiƙa ko lambar waya ba. Abin da ya miƙo mini laya ce mai rufin jar fata, ɗinkin gefenta ya warware, irin wadda Yaya yake ɗaurawa a damtse.

Ni malamin lakwal ne, albashina ba shi da yawa, amma yana sayen hatsin gida da maganin Inna. Hanyar kuwa duk Ba'adare ya san ta: daga Agadas sai hamadar Tenere, inda mota kan lalace nesa da rijiya, ga kuma ƴan fashi. Mai yiwuwa saƙon mutumin tarko ne, domin ana sayen irin wannan laya a kasuwa.

Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "Ɗana, na ba sahara ɗaya, ba zan ƙara mata ba." Amma ita ce ta karɓi layar ta ƙi maido mini.

Na yi istihara, na kuma yanke cewa idan hutun lakwal ya zo zan je Agadas in tambayi direbobin da ke bin hanyar Dirku, garin da ke kan hanyar Jado, kafin in ƙara taku ɗaya. Ku sa mu a addu'a.