Harsashin ɗaki ɗaya a Tudun Wada

Ɗaki ɗaya da banɗaki na so in ƙara a gidanmu na Tudun Wadan Zariya, jikin bangon gabas inda a da ake ɗaure awaki. Ƙafa 12 a 14 ne kacal. Amma magininmu, dattijon da ya yi wa mahaifina aiki, ya hana a sayi ko buhu ɗaya na siminti sai an tona rami an ga abin da ke ƙasa.

Daga gefen arewa, ƙafa 3 muka tarar da jar marmara, diga na tashi da ƙara. A kusurwar kudu kuwa shebur kaɗai ya isa: baƙar ƙasa mai laushi, toka, sakaina, har da tsohon takalmi. Na kira Hajiya ta leƙa.

"Ai nan shaddar gidan take tun zamanin kakanka," in ji ta. "Cike ta aka yi."

Tsofaffin unguwannin Zariya cike suke da irin wannan. Ga shadda da rijiyoyin da aka binne, ga kududdufan da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu daga baya aka cike da bola. Babu takardar da za ta nuna maka su, sai tsofaffin gida. Ƙasar ciko kuwa ba ta gama zama, idan damina ta kama sai ta lotsa ta ja bango.

Injiniyan da ya zana mana takardun neman izini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ya ce a bi kusurwar nan har sai an taɓa ƙasa mai tauri, a tayar da fila daga can, a ɗora kankare da rodi mai kaurin milimita 12 ya haye wurin. Sauran harsashin na kowa da kowa ne: bulo mai inci 9, faɗin rami ninkinsa uku, wato inci 27, kaurin kankare inci 9. Buhu ɗaya, kwanon sarki 6 na yashi, 12 na tsakuwa. Inda akwai rodi aka koma 4 da 8.

Ranar zubi ba na matsawa daga wurin kwaɓi. Leburori na son ruwa ya yi yawa don kwano ya yi sauƙin juyewa, ruwan nan kuma shi ke kashe ƙarfin kankare. Da yake hunturu ne, iska na shanye danshi nan da nan, sai muka rufe da buhunan siminti, ana yayyafi safe da yamma har mako guda.

Mun yi gardama da magini kan haɗa sabon gini da tsoho.

"Baba, a sarƙe su mana, ba zai fi ƙarfi ba?"

"Malam, tsohon ya gama zama, sabon yanzu zai fara. In ka ɗaure su, nan zai tsage."

Aka bar siririn tsakani aka toshe daga baya. Daɓen ma mun ɗaga shi bulo biyu sama da tsakar gida, aka shimfiɗa leda a ƙasa, saboda ruwan Agusta da ke kwanciya a lungunmu. Kusurwar shaddar nan ta cinye kuɗin kwanon rufi, don haka ginin na tsaye a linta sai an sayar da masara.